Kwanon Ɗan Fari

A bayan gidan likita na unguwar akwai wani ƙaramin ɗaki da aka ba Madam Hamsatu ya zama bironta, wato ofishinta. Babu gadon marasa lafiya a ciki, babu allura. Tabarma ce babba, da kujeru biyu, da randa. Daga Tawa aka turo ta Gure, aikinta kuwa sauraren miji da mata idan zama ya yi musu nauyi, ko damuwa ta kama ɗayansu har ta shafi gidan. Da farko mutanen gari sun yi ta dariya, wai an kawo likitar da ba ta da magani sai kunne. Daga baya suka fara zuwa, galibi ta ƙofar baya.

Ta nan Jibirilla ya shigo wata safiya. Mai garka ne, yana noman albasa da rogo a wani kwari tsakanin tuddan yashi, gabas da gari. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma kamar wanda ba ya nufin daɗewa.

"Madam, matata ce, Yabawa. Kanta ya taɓu."

"Sannu, Malam Jibirilla. Wa ya ce ya taɓu?"

"Kowa. Maƙwabta, mahaifiyata, danginta. Ranar kasuwa mai zuwa yayanta Idrissa zai zo daga Gidigir a kan moto mai ƙafa biyu ya tafi da ita. Sun ce gidana ne ya lalata ta. In ta hau moton nan ba za ta dawo ba, sai dai su aiko in sake ta."

"Kai kana so ta tafi?"

"Da ina so, da ban bar ban ruwa na zo nan ba."

Ta ce ya faɗa mata abin da Yabawa take yi. Ya ce ba ta zagi, ba ta duka, ba ta fita titi. Tana shara, tana girki, tana salla. Amma kullum rana ta take tsaka sai ta zuba tuwo a ƙaramin kwano, ta kai gindin itacen bedi ta ajiye, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Kuma ta daina yi masa magana, sai gaisuwa.

"Kwanon na wane ne?"

"Na wannan yaron."

"Wane yaro?"

"Wanda muka rasa daminar bara. Zazzaɓi. Shekararsa shida."

"Allah ya ji ƙansa. Yaya sunansa?"

Jibirilla ya sunkuyar da kai. "Ɗan fari ne, Madam."

Madam Hamsatu ta san al'adar, don a garinsu ma akwai ta. Uwa da uba suna kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa nuna sun damu da shi. Kakanni ne ke rungumarsa. Gidaje da yawa sun sassauta yanzu, amma akwai waɗanda suka riƙe ta da ƙarfi, kuma yabonsu ake yi. Ba ta matsa masa ba. Ta ce ita ba ta yanke hukunci a kan wanda ba ta gani ba, gobe za ta je gidan. Ya ce to, shi yana garka a lokacin.

Washegari ta isa rana na gab da take tsaka. Titin unguwar babu kowa, awaki ma sun lafe a jikin katangu. Gidan Jibirilla shi ne na ƙarshe kafin tudu, kuma yashi ya taru a bayansa har ya kusa kai kan katanga. Ta yi sallama sau biyu kafin a amsa.

Yabawa 'yar siririya ce, kayanta tsaf, idanunta sun faɗa. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ta yadda ya kamata.

"Shi ya turo ki?"

"Shi ya zo wurina. Zuwa nan kuwa ni na kawo kaina, ƙanwata."

"To zauna ki ga haukan, tunda shi kika zo gani."

Ta tafi madafa, ta yanki tuwon gero ta sa a wani ƙaramin kwano mai murfi, ta zuba miyar kuka. Ta kai shi gindin bedin da ke jikin katangar baya. Sai ta ɗauki tsintsiya tana ja da baya tana share sawunta, har yashin da ke kewaye da kwanon ya kwanta sumul. Ta jingine tsintsiyar a jikin bedi daga nesa, ta yafito Madam, suka shiga ɗaki. Ta rufe ƙofa. An toshe tagar da tsohon zane.

"Me ya sa kike rufewa?" in ji Madam a hankali.

"Haba, Madam. Da ransa ban taɓa zama na zuba masa ido yana cin abinci ba. Yanzu da ya zama baƙo zan fara?"

Suka zauna a bakin gado cikin duhu da zafi. Ba motsin komai a waje, ko kurciya ba ta kuka. Madam Hamsatu ta fara shirya kalmomin da za ta faɗa idan suka fita suka tarar da tuwon yadda aka bar shi.

Sai ta ji an ɗaga murfi.

Ƙara ce 'yar ƙarama, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Bayanta wani sauti ya biyo, a hankali, na hannu yana bin gefen kwano. Ya tsaya, ya ci gaba. Can sai wani numfashi, ja da ƙyar, irin na wanda ke danne wani abu a ƙirji. Tsigar jikin Madam ta tashi. Ta miƙe za ta nufi ƙofa, Yabawa ta cafke wuyan hannunta. Hannun sanyi ƙalau duk da zafin ɗakin.

"In kika buɗe, ba zai ƙara zuwa ba."

Madam ta koma ta zauna. Suka ji an mayar da murfi. Suka ji wani abu yana jan yashi, shuu, shuu, yana nisa, har ya ɓace.

Da suka fito, kwanon na wurinsa a rufe. Cikinsa tas. Yashin sumul, ko sawun tsuntsu babu.

"Kin gani?" in ji Yabawa. Fuskarta ta yi haske. "Su ce mahaukaciya ce. To wa ya ci?"

Madam ta durƙusa ta ɗauki murfin. Ta daɗe tana riƙe da shi kusa da fuskarta. Akwai wari a jikinsa wanda ba na miyar kuka ba, warin ɗanyen ganyen albasa. Ta dubi katangar baya, ta mayar da murfin. Sai ta tambayi Yabawa game da mijinta.

"Malam? Ranar da aka kai yaron, ko ɗigon hawaye. Washegarin sadakar uku ya ɗauki guga ya tafi garka. Bai taɓa ce mini, ke, yaya zuciyarki ba. In ya dawo da yamma na kawo masa abinci, sai ya ce ya ƙoshi. Ƙyamata yake yi. Wanda ya mutu ne kaɗai ke cin tuwona a gidan nan."

"Ke kin yi kukan?"

"A gaban wa? Mata sun cika gida suna cewa, kai, Yabawa akwai kunya, dubi yadda ta daure. In buɗe baki in ba su kunya?"

"Kina son zuwa Gidigir?"

Yabawa ta dubi gindin bedi. "Bai san hanyar can ba," in ji ta. "Amma in Yaya ya ce in hau, ai hawa zan yi. Babu wanda ya ce in zauna."

Da safe Madam Hamsatu ta bi hanyar kwari. Daga kan tudu ana hango garkunan a ƙasa, kore shar a ƙarƙashin dabino da goruba, yashi ya kewaye su ta ko'ina. Ta sami Jibirilla a bakin rijiya yana jan ruwa. Suka gaisa. Ta zauna a kan kututture ta bar shi ya juye guga biyu.

"Malam Jibirilla, jiya da rana tsaka ina kake?"

Ya ci gaba da jan igiya.

"Murfin kwanon yana warin albasa," in ji ta. "Kuma ta bayan gidanku, mutum dogo ba ya buƙatar tsani."

Igiyar ta suɓuce daga hannunsa, guga ya koma rijiya. Ya tsuguna a wurin.

Ya ce ranar farko da Yabawa ta ajiye kwanon, da yamma ta je ta tarar da tuwon ya bushe, tururuwa sun rufe shi. Ta zauna a gabansa har magariba. Daga nan ta daina cin abinci, ta daina shan ruwa sai an matsa mata. Tana ajiyewa, tana ɗaukowa cike, tana ƙara ramewa, har ya ga alamar za ta bi yaron. Bai san me zai ce mata ba. A gidansu ba a koya masa irin wannan magana ba. Sai wata rana ya bar garka, ya hau yashin bayan gida, ya dira, ya cinye tuwon, ya share sawunsa. Da yamma ya dawo ya tarar ta yi wanka, ta ci abinci.

"Na ce na kwana kaɗan ne, ta farfaɗo in daina. Ga shi shekara ta kusa zagayowa."

"Ka zo ka ce mini kanta ya taɓu. Ba ka ce kai ne ke tsallaka katangar gidanka kamar ɓarawo ba."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ɓarawon tuwo."

"Shi ya sa ba ka cin na yamma?"

"Madam, in na ci wannan kwanon, maƙogwarona rufewa yake sai washegari."

Ta ce masa ya sani, abin da Yabawa take yi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi rashi aka hana shi kuka. Da yawa sukan ajiye kayan mamaci, sukan ji kamar motsinsa. Yawanci abin yakan lafa da kansa. Nata bai lafa ba, saboda kullum tana samun shaida, kuma shi ne shaidar.

"In na faɗa mata, na kashe mata shi karo na biyu," in ji Jibirilla.

"In ba ka faɗa ba, za ta tafi Gidigir ta ajiye kwano, can kuma babu mai ci. Zai mutu mata a can, ita kaɗai, ba ka kusa."

Ya dubi cikin rijiya. Sannan ya ce, "Ba zan iya kallon idonta in faɗa ba."

"Ba sai ka kalla ba. Ka kawo ta ranar kasuwa da safe, kafin yayanta ya iso."

Madam Hamsatu tana da wata dabara da ta koya a Gure, bayan ta ga cewa a nan miji da mata ba sa iya haɗa ido su faɗi abin da ke ransu. Takan zaunar da su a tabarma ɗaya, baya da baya, kowa yana fuskantar bangonsa. Haka ta yi wa Jibirilla da Yabawa. Yabawa ta zo da ƙullin kayanta, ta ajiye a bakin ƙofa.

"Kowa da bango zai yi magana," in ji Madam. "Bango ba ya jin kunya, ba ya kai gulma. Malam, bismilla."

Jibirilla ya faɗa wa bango komai, tun daga tururuwa har tsintsiya. Muryarsa tana yankewa yana ɗorawa. Yabawa ba ta motsa ba har ya gama.

"Ƙarya ne," in ji ta.

"Wallahi ba ƙarya ba ne."

"Madam ce ta koya maka, don in daina."

"Kwanon yana da lotsawa a gindi, in an ajiye shi yakan karkata. Ranar Juma'a kikan sa man shanu. Ranar sallar layya hanta kika sa."

Gadon bayan Yabawa ya fara rawa, har shi ma ya ji a nasa bayan. Madam ta zaci kuka ne zai zo. Amma da ta yi magana, muryarta a kwance take.

"Lokacin da ka kai albasa Alakos fa? Ka kwana biyu a can."

"Na tuna."

"Kullum ina ajiyewa. Kullum ina ɗaukowa tas, a rufe. Wa ya ci?"

Madam ta ga gumi yana tsattsafowa a ƙeyar Jibirilla. A hankali ya ce, "Na zaci kin tarar da shi cike. Duk hanya abin da ke raina ke nan."

Su biyun suka juyo da kai wajen Madam. Ta san mage na iya cin tuwo, amma mage ba ta mayar da murfi. Ta san mai tsananin baƙin ciki na iya aikata abu da hannunsa ya manta, ta karanta haka, ta ma gani. Amma ta tuna sanyin hannun da ya riƙe ta a cikin ɗakin nan mai duhu, sai ta ji ba ta da bakin faɗa.

"Ban sani ba," in ji ta. "Ba zan ƙirƙiro muku amsa ba. Abin da na sani, sauran kwanakin duka mijinki ne. Ku koma ga bangonku."

Suka koma. Ta bar su suka huta, sannan ta ce, "Ni ban san yaron nan ba. Me ya fi so a abinci?"

"Tuwo da miyar kuka," in ji Yabawa. "Kullum kwanonsa tas yake dawowa."

Jibirilla ya yi gyaran murya. "Ba ya son kuka."

"Kamar yaya ba ya so?"

"Ko warinta ba ya so. In kin zuba masa kin shige ɗaki, sai ya lallaɓo zaure ya ce, Baba, taimake ni, kada Inna ta ji haushi. Ni nake cinyewa, in gasa masa rogo a garka."

"Kai! Tun yana da rai kai ke cin tuwon?"

"Tun ya iya ɗaukar kwano."

"Lalle Malam, ashe tsohon ɓarawo ne kai." Wata dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da gefen mayafi. "Ni ina can ina murna ɗana yana son girkina. Ku biyu kuka haɗa mini baki?"

"Shi ne shugaba, ni yaronsa ne."

"A garka kuna hira?"

"Ba ya rufe baki. Wai in ya girma zai sayi kamyo, babbar motar kaya, ya kwashe yashin bayan gidanmu ya kai wa mutanen Yamai, tunda su ba su da shi. In na ce ya riƙe mini igiya, sai ya ce shi direba ne, ba mai ban ruwa ba. Sai na kira shi sau uku kafin ya zo."

Yabawa ta ɗago kai. "Kira shi kake yi? Da sunansa?"

"A garka ba kowa, daga ni sai shi sai dabino."

"Ni a turmi nake faɗa," in ji ta. "In ina daka, ƙarar taɓarya takan rufe. Ban taɓa jin sa a bakinka ba. Faɗa in ji."

Madam ta sunkuyar da kanta don kada Jibirilla ya ga ana kallonsa.

"Nafi'u," in ji shi.

Kukan da ya fito daga Yabawa ba na mai kunya ba ne. Har ma'aikatan gidan likita suka leƙo, Madam ta yi musu hannu su koma. Jibirilla bai juya ba, bai ce ta yi haƙuri ba. Ya dai ƙara jingina bayansa da nata, nasa hawayen yana zuba a kan gwiwarsa. Madam ta bar su har abin ya sauka da kansa. Sannan ta ba su ruwa. Ta ce Yabawa za ta ga lokotoro, wato babban likita, saboda rashin barci da ramar nan, shi ma Jibirilla haka, kuma su riƙa dawowa tabarmar nan tare. Zancen kwano kuwa, ta ce ba yau ba, su biyu za su yanke.

Suna cikin haka moto ya tsaya a waje. Idrissa ne, an gaya masa a gida inda suke. Ƙaƙƙarfan mutum ne, rawaninsa ya sha hanya. Ya gaida Madam a tsaye, ya dubi idanun ƙanwarsa da suka kumbura, ya dubi Jibirilla, ya ɗauki ƙullin kayan.

"Ka ga abin da muke faɗa. Tashi mu tafi, Yabawa, kafin rana ta yi zafi. Baba yana jira."

Yabawa ta miƙe, don ba a yi wa yaya gardama. Ta gyara mayafi, ta taka zuwa ƙofa. Ta sa ƙafa ɗaya a takalmi.

"Maman Nafi'u," in ji Jibirilla. "Zauna."

Idrissa ya juyo kamar an mare shi. "Me ka ce? A gabana? Kai ba ka da kunya ne?"

"Yaya, kunyar ce ta kawo mu nan."

Yabawa ta tsaya da ƙafa ɗaya a takalmi. Ba wanda ya taɓa kiranta haka. Ta ce, "Na'am," can ƙasa-ƙasa, sannan ta miƙa hannu ta karɓi ƙullin daga hannun yayanta.

"Yaya, ka gaida Baba. Ka ce masa mijina ya ce in zauna."

"An ce mini ɗaya ce ta taɓu, ashe ku biyu ne." Ya juya ga Madam. "Ke likita, tsakaninki da Allah, ta warke?"

"Ba ta warke ba. Shi ma bai warke ba. Amma ciwo ɗaya ne ke damunsu, ban ga amfanin a raba shi gari biyu ba."

Idrissa ya tsaya yana huci. Ya ce zai dawo bayan kaka, in ya tarar da ita haka, ko sama da ƙasa za su haɗe sai ta bi shi. Jibirilla ya ce ya yarda. Suka roƙe shi ya biyo su gida ya ci abinci, ya ce yana da saye a kasuwa. Ya tayar da moto ya tafi, kujerar baya ba kowa.

Madam Hamsatu ta raka su bakin ƙofa. Rana ta fara ɗagowa, yashin titi yana ƙyalli. Jibirilla ya karɓi ƙullin ya rataya a kafaɗa. Ta zaci Yabawa za ta bi bayansa yadda matan gari suke yi, amma a jere suka tafi. Sai dai ba su matso kusa da juna ba. Sun bar fili a tsakaninsu, daidai wanda ƙaramin yaro zai shige, kuma duk su biyun suna takawa a hankali, kamar masu jiran gajeriyar ƙafa.